Haihuwar Dorinar Kurmi a Gidajen Namun Daji: Ina Mazan, Ina Kurmin?

Ranar 10 ga Yuli, 2024, wata dorinar kurmi ta haihu a gidan namun daji na Khao Kheow da ke lardin Chonburi a ƙasar Tailan. Aka raɗa wa jaririyar suna Moo Deng. Kafin watan Satumba ya ƙare, hotunanta sun karaɗe duniya ta intanet, jama'a suka yi ta tururuwa, har hukumar gidan ta ƙayyade wa masu kallo minti 5 a ranakun Asabar da Lahadi. Wasu marasa tausayi suka riƙa watsa mata ruwa da jifarta don ta tashi daga barci su ɗauki hoto, dole aka kafa kyamarorin tsaro, aka kuma yi barazanar kai mai laifi kotu.

Ba ita kaɗai aka haifa a shekarar ba. A watan Yuni an samu Toni a Balin ta Jamus, wadda ta ci sunan ɗan ƙwallo Antonio Rüdiger, da yake mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce, ɗaya daga cikin ƙasashen asalin dabbar. Ranar 30 ga Oktoba aka haifi Haggis a Edinbara, aka rufe ɗakin dorinar wata guda don uwa da 'ya su sami natsuwa. A watan Disamba kuma Poppy ta zo a jihar Bajiniya ta Amurka. Duka huɗun mata ne, kuma wannan ya fi ɗaukar hankalin masana fiye da hotunan.

Dorinar kurmi ba ɗiyar dorinar da muka sani a Kogin Kwara da Binuwai ba ce, jinsi ne mai zaman kansa. Babbarta ba ta wuce kilo 180 zuwa 275, tsayinta daga ƙasa bai cika zarce mita ɗaya ba, alhali dorinar kogi kan haura kilo 1,500. Ba ta zaman garke. Ita kaɗai take yini a fadama ko a kogon gaɓar rafi, sai dare ya yi ta fito ta bi hanyoyin da ta saba cikin sarƙaƙiya, tana cin ganyaye da saiwoyi da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Fatarta na fitar da wani ruwa mai yauƙi da ke hana ta tsagewa, shi ne ƙyallin da ake gani a jikin Moo Deng. Cikinta wata 6 zuwa 7 ne, ɗa ɗaya take haifa, mai nauyin kilo 5 ko 6, in za ta kiwo sai ta ɓoye shi a ruwa ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Dabba mai irin wannan kunya ce aka tara wa dubban mutane suna ihu a kanta da rana tsaka, kuma ina ganin wannan abin dubawa ne ga duk gidan da ke shirin gina mata sabon mazauni. Inuwa, da ruwa mai ɗumi, da lungun da za ta shige ta ɓace wa idon mutane sun fi faɗin dandalin 'yan kallo muhimmanci.

Haihuwar da muke gani a labarai ba haka kawai take faruwa ba. Tun 1975 gidan namun daji na Basel a Suwizalan ke riƙe da kundin nasabar dorinar kurmin da ke hannun mutane a duniya: wa ya haifi wa, yaushe, a ina, me ya kashe shi. Aikin mai riƙe da kundin kamar na tsohuwar gida ne wadda ta san dangi kaf, ta san wanda ya dace da wance da wanda jininsu ya yi kusa. Da irin wannan lissafin ake ɗauko namiji daga wata ƙasa a kai shi wata, shi ne “sabon baƙon” da gidajen ke shela. Kundin ne kuma ya tona matsalar: cikin kowace haihuwa 10, kusan 4 ne kawai maza. Wani binciken da masana a Balin suka wallafa a 2012 ya gano cewa tun daga maniyyin mazan ake samun rinjayen ƙwayoyin da ke ba da mace. Ga kuma ciwon ƙoda na gado da ya yawaita a cikinsu. In maza suka yi kaɗan, 'yan tsirarun da ke akwai su ne za su zama uban kowa, jini ya ƙuntata, cutar gado ta sami wurin zama.

Asalin garken da ke hannun mutane ma ƙarami ne. A 1912 Bajamushe Hans Schomburgk ya kamo guda 5 a Laberiya ya kai wa dillalin namun daji Carl Hagenbeck a Hambug, 3 daga ciki suka wuce Niyok. A 1927 attajirin roba Harvey Firestone ya ba Shugaba Calvin Coolidge kyautar wani namiji mai suna Billy, aka ajiye shi a gidan namun daji na Washintan. Kafin ya mutu a 1955 ya haifi 'ya'ya 23, kuma yawancin dorinar kurmin da ke Amurka suna da jininsa. Daga Laberiya aka kamo shi, shekara guda bayan kamfanin Firestone ya karɓi hayar eka miliyan ɗaya a ƙasar don shuka itacen roba. Tun daga wancan zamani kurmin ke ja da baya.

Yau ƙiyasin ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa shi ne manyan da suka rage a daji ba su kai 2,500 ba, a Laberiya da Saliyo da Gini da Kwaddibuwa. Matattararsu ita ce gandun Taï, da Sapo, da Gola. Masu yankan katako, da gonakin koko da kwakwar manja, da masu haƙar zinariya, da tarkon mafarauta suna cin dajin ta kowace kusurwa. Mu ma a Nijeriya muna da rabonmu na wannan rashi. A shekarun 1940 wani jami'in mulkin mallaka, Heslop, ya tattara ƙoƙunan kan dorinar kurmi a yankin Neja Delta, a 1969 aka tabbatar reshe ne na daban aka sa masa sunansa. Masana na ganin ya riga ya ƙare, kuma babu gidan namun dajin da ya ajiye irinsa.

Ba na cikin masu cewa kiwon gidan namun daji aikin banza ne. Mariri, mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, an ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000. Daga garkunan da aka kiwata a hannu aka tara wasu a Abu Dabi, aka fara sakinsu a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016, suka hayayyafa, har aka cire shi daga wancan rukuni a Disambar 2023. Abin ya yiwu ne domin filin yana nan, gwamnati da makiyaya kuma suka ba da haɗin kai.

Dorinar kurmi ba ta kai nan ba, kuma ba sakin sababbi ne buƙatarta ta gaggawa ba, tunda akwai sauranta a daji. Abin da ke gabanta shi ne albashin masu gadin gandu, da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itatuwa don ƙirga ta, irin waɗanda suka ɗauko hotonta a Sapo a 2008, da taimaka wa manoman koko na gefen Gola su ƙara amfanin gona ba tare da sabon sheme ba. Moo Deng ta jawo kuɗin tikiti da na riguna da 'yan tsana masu yawa. Ya kamata duk gidan da ya ci wannan kasuwa, ranar da zai nuna zanen sabon mazaunin da zai gina, ya faɗi nawa ya tura Taï, nawa Sapo, nawa Gola.