Hunturu a Korgom: Me ya sa man shafawa ke yi wa wasu aiki, wasu kuma faso ya ƙi barinsu?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska daga arewa maso gabas takan lulluɓe jihar Maraɗi da hazo, kuma kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A tsakar rana danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100.

A ƙaramar hukumar Korgom da ke gundumar Tasawa, da ƙauyukan da suka miƙa har Mayahi, lokacin ya zo daidai da aikin bayan kaka: sussukar gero, ɓarar gyaɗa da jan guga a rijiya. Hannu ya yi kaushi, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Ga macen da ke tafiya ɗiban ruwa da silifa a cikin rairayi, faso mai jini na iya hana ta aikin yini guda, kuma ƙofa ce da ƙwayoyin cuta ke shiga jiki.

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa

Saman fata yana da wani siririn maiƙo da ke tare ruwan jiki. Iskar hunturu na zuƙe ruwan, ruwan zafi da sabulun wanki kuma suna wanke maiƙon. Aikin man shafawa shi ne toshe hanyar da ruwan ke tserewa. Wanda ya bari jikinsa ya bushe ƙarau kafin ya shafa mai zai yi sheƙi, amma kaushin na nan.

Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Fata ta Amurka ke ba da shawarar a taƙaita wanka zuwa minti 5 ko 10 da ruwa mai ɗumi, a shafa mai nan take tun jiki na da lema. Wannan ya shafi 'yan ci-rani a Agadas da Aljeriya, har da waɗanda ke Turai, inda na'urar ɗumama ɗaki ke busar da iska kamar hunturun gida.

Abin da ke hannu

Man gyaɗa shi ne mafi kusa, tunda mata na matse shi a gida wajen yin ƙuli-ƙuli. Man kaɗanya ya fi shi kauri da daɗewa a jiki, sai dai itacen ba na wannan yanki ba ne sosai, daga kudu ake kawo man kasuwa.

Akwai kuma aduwa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma barin itatuwa su sake tofowa a gonakinsu, aikin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma aduwa na cikin itatuwan da suka amfana. Ƙwayar da ke cikin ƙwallonta na ɗauke da mai da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinta. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na matse shi yana sayarwa.

Ga mai faso, hanyar ba ta da tsada: a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na minti 10 da dare, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a cika wurin da man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwanta. Yanke kaushi da reza na jawo rauni. Lasar leɓe kuma ƙara busar da shi take yi.

Inda ake bukatar hattara

Ba kowane mai ne ya dace da jariri ba. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan yara a Ingila ya alaƙanta shafa mayukan da ke ɗauke da man gyaɗa a fatar da ke da ƙuraje da kamuwa da borin jini idan yaro ya ci gyaɗa. Basilin mara turare ya fi aminci ga irin wannan fata.

Mayukan bilicin su ma suna ƙara dagula lamarin, domin da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, kuma kayan kasuwannin Najeriya na tsallakowa kudancin Maraɗi kullum.

Sannan ba kowane ƙaiƙayi ne na sanyi ba. Idan ya fi tsanani da dare kuma ya kama mutanen gida da dama, yana iya zama ƙazuwa, wadda mai ba ya kashe ta. Makero a kan yaro ma maganin likita yake so.

Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari, domin ƙafarsa na iya rasa jin zafi har faso ya zama gyambo bai sani ba. Ya kamata ya duba tafin ƙafarsa kowace rana. Faso da ya kumbura, ya yi ja ko ya fara ruwa, a garzaya da shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, kafin ya kai ga asibitin Tasawa.