Ba a Cinikin Biri a Sama: Jan Hankali ga Masu Sayen Fiyano a Kaduna

Duk wanda ya taɓa zama cikin makaɗan fiyano a Kawo ko Unguwar Sarki ya san musun da ba ya ƙarewa. Wannan ya ce in ba Yamaha ba sai rijiya, wancan ya ce wanda bai taɓa Korg ba bai san kiɗa ba, na ukunsu ya yi dariya ya ce Roland ce ta manya. A yini ana kai ruwa rana, a watse kowa na kan bakarsa. Musun ba shi da aibu, hira ce ta masu sana'a. Matsalar ita ce yaron da ke gefe yana saurare, wanda ya yi shekara yana adashi, ko mahaifiyarsa ta sayar da 'yan kunnenta don ta kafa masa jari. Shi ne zai ɗauki musun da gaske, ya tafi kasuwa da sunan kamfani a baki, ya dawo da abin da bai dace da aikinsa ba.

Fiyanon da ake magana a kai ba irin na koyon yara ba ne. Shi ne wanda idan ka danna maɓalli biyu ko uku da hannun hagu, sai ganga da jita da busa su taso gaba ɗaya su bi ka, kai kuma kana jan waƙa da hannun dama. Wato makaɗa da 'yan amshi ne aka dunƙule a akwati guda. Wannan kiɗan rakiyar shi masu sana'a ke kira sitayil, kuma shi ne ya sa mutum ɗaya yake iya riƙe taron biki, ko ya ja mawaƙan coci, ko ya haɗa waƙar fim a ɗan ƙaramin situdiyo.

Son da mutanen Arewa ke yi wa Yamaha yana da asali. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya shigo da Yamaha samfurin PSR cikin kiɗan finafinan Hausa a shekarun 1990. Zuwa lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, sautin fiyano ya riga ya zauna a kunnen jama'a, kuma daga nan kiɗan nanaye ya yi reshe. Wanda aka raine shi da wannan sauti, idan ya ji wani daban sai ya ga kamar miya ce ba gishiri. Sabo ne, kuma sabo ake yi wa kuka. Sai dai sabo ba hujja ba ne cewa sauran kamfanonin ba su iya ba.

Manyan kamfanonin duk na Japan ne. Yamaha ta samo asali tun 1887, Roland an kafa ta a 1972, Casio kuma ta fara fitar da fiyanonta a 1980. Korg ma ta Japan ce, amma jerin fiyanonta masu suna Pa reshenta na Italiya ne yake tsara su. Akwai kuma Ketron, wadda ita ta Italiya ce gaba da baya. A wajen Yamaha, tsanin ya fara daga PSR-E na masu koyo, ya hau zuwa PSR-S da PSR-SX irin su SX700 da SX900 da suka fito a 2019, ya ƙare a Genos wadda ta gaji Tyros a 2017. A wajen Korg akwai Pa600, sai Pa700 da Pa1000 na 2017, sai babbar yayarsu Pa5X ta 2022.

Abin da akasarin makaɗa suka yarda da shi shi ne, Yamaha tana da sauƙin sarrafawa, sautinta a goge yake kamar an riga an tace shi a situdiyo, kuma a garuruwanmu an fi samun masu gyaranta da masu koyar da ita. Masoya Korg kuwa suna yabon gangarta, sun ce tana da nauyi kamar makaɗi ne zaune a gabanka, kuma tana ba mutum damar kutsawa ya sauya kusan komai, sai dai tana son haƙurin koyo. Casio ta fi sassaucin kuɗi. Duk wannan yabo ne na kunne da hannu, ba awo ba ne na sikeli. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na ga wannan da idona bara. Ɗan yayata da ke Unguwar Dosa ya zo ya same ni, ya ce, “Kawu, kuɗin sun cika, Korg zan saya, ita maigidana yake kaɗawa.” Na ce masa, “To, ka taɓa zama da ita kai kaɗai?” Ya ce a'a, amma ai kowa ya san ta fi. Muka je wani shago a cikin gari, mai shagon ya kunna masa waƙar gwaji da ke cikin injin, ɗaki ya ɗauki sauti, yaro ya fara lalubar aljihu. Na dafa shi, na ce da mai shagon, “Maigida, kashe wannan, bar shi ya kaɗa da hannunsa.” Ya zauna ya nemi sitayil ɗin da ya saba rakiyar waƙoƙin biki da shi, wanda ya tara a filashi wajen abokansa. Ya soka filashin, injin ya ƙi karantawa. Duk abin da ya tara na Yamaha ne.

Wannan shi ne darasi na farko da masu shago ba sa faɗa: sitayil ɗin Yamaha ba ya hawa Korg kai tsaye, na Korg ma ba ya hawa Yamaha. Kowane kamfani da tsarinsa. Akwai manhajojin da ke juya su, amma sau da yawa sai ka ji ganga ta koma wani abu daban. Saboda haka kafin ka zaɓi kamfani, dubi mutanen da za ka yi aiki da su. Idan situdiyon da kake zuwa da abokan da kuke musayar kiɗa duk a gida ɗaya suke, fita daga gidan yana da tsada, ko da wancan ya fi burge ka.

Na biyu, yawancin sautukan da ke zuwa cikin waɗannan injina an yi su ne don kunnen Turawa da mutanen Asiya. Kalangu da kotso da kuntigi da algaita ba su cika zuwa a ciki ba, sai dai a ɗora su daga baya. Don haka ka tambaya ko injin yana karɓar ƙarin sauti, kuma wurin ajiyarsa nawa ne. Ƙananan samfura ba su da wannan damar yadda manya suke da ita. Mai son kiɗa irin na Larabawa kuma ya sani cewa akwai samfura na musamman, irin su PSR-A3000 da A5000, masu fitar da muryoyin da ke tsakanin maɓallai, waɗanda kiɗan ƙasashen Larabawa yake buƙata.

Na uku shi ne kayan hannu. Da yawa daga cikin fiyanon da ke yawo a Kaduna na hannu ne, wasu daga kasuwar Alaba ta Legas, wasu daga hannun makaɗan da suka gaji da su. Na hannu ba laifi ba ne, amma arha ba ta ado. Kada ka biya sai ka danna maɓallansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, ka ji ko sautin yana bin nauyin yatsanka. Maɓallin da ya yi shiru, ko wanda yake tsawa ko an shafa shi kawai, alama ce robar da ke ƙarƙashinsa ta ci ƙura ko ta gaji. Duba sikirin ko akwai layi ko duhu. Murɗa abin ƙara sauti ka ji ko yana ƙarar yashi. Gwada ramin filashi da na lasifika da na abin sawa a kunne. Bar injin a kunne kamar rabin awa, domin wata cutar ba ta fitowa sai ya ɗumama. Dubi lambar da ke manne a ƙasansa, ka tabbata ta yi daidai da wadda aka rubuta a rasit. Fiyanon da aka kankare lambarsa, ko aka kawo maka da dare a rabin kuɗi ba adafta ba jaka, ka yi nesa da shi. Ana satar su a coci-coci da situdiyo, kuma wanda aka kama da kaya shi ne ɓarawo. Haka kuma ka karanta sunan kamfanin harafi-harafi, domin akwai jabun da ake sauya wa harafi ɗaya don a ruɗi mai gaggawa.

Na huɗu, wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Adaftar da aka yi don can kaɗai, idan ka soka ta a bangon ɗakinka, hayaƙi za ka gani. Karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ko a gida ɗaya ma adafta ba ɗaya ba ce: ƙananan PSR-E suna cin bolt 12, PSR-S da SX kuwa 16. Adaftar kasuwa da ba a san asalinta ba tana iya kashe fiyano. Idan da janareta za ka yi aiki a gidan biki, kada ka jona sai ya tashi ya daidaita, kuma ka cire kafin a kashe shi. Kuɗin sitabilaiza ka lissafa shi cikin kuɗin fiyano tun farko, tare da na jaka da ƙyallen rufewa, domin ƙurar hunturun Kaduna ba ta raga wa Yamaha, ba ta raga wa Korg.

Game da saye ta intanet, kada ka tura kuɗi saboda hoto da ɗan bidiyo a Facebook ko WhatsApp. Idan kayan a wani gari suke, nemi wanda ka amince da shi, wanda ya iya kiɗa, ya je ya taɓa. Gani ya kori ji, a wannan harka kuma taɓawa ta kori gani.

Shi ɗan yayar tawa bai sayi komai ba ranar. Ya yi mako biyu yana zuwa wajen maigidansa yana zama da Korg bayan an tashi aiki, yana kuma aron Yamaha wajen abokinsa a Badarawa. Daga ƙarshe ya ɗauki Yamaha ta hannu, ƙasa da wadda ya yi niyya, ya sayi sitabilaiza da ragowar kuɗin. Har yanzu idan aka tayar da musu a majalisarsu, cewa yake yi gangar Korg ta fi daɗi, kuma ranar da aljihu ya yi nauyi ita zai ƙara. Ban taɓa musa masa ba, domin wannan karon da kunnensa ya ji.