Mutum ɗaya, aikin mutum biyar: Halin da masu kula da shafukan sada zumunta ke ciki a ƙananan kamfanonin talla na Bauchi

A 'yan shekarun nan, ƙananan kamfanonin talla da zane-zane sun yawaita a birnin Bauchi, daga unguwar Tirwun zuwa Yelwa da Gwallameji. Galibinsu shago ɗaya ne ko biyu, da ma'aikatan da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma da yawa daga cikinsu matasa ne da suka fito daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko kwalejojin kimiyya da fasaha na birnin. Abokan hulɗarsu su ne masu sayar da atamfa da shadda a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, da masu turaren wuta, da gidajen abinci, da makarantu masu zaman kansu.

A kowane irin wannan kamfani akwai wanda aka damƙa wa shafukan Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp na abokan hulɗa. Mutane da yawa na kallon aikinsa a matsayin latse-latsen waya kawai. Sai dai yawancin matsalolin da yake fuskanta tushensu ɗaya ne: aiki ne mai rassa da yawa da aka ɗora wa mutum guda, ba tare da an rubuta inda ya fara da inda ya tsaya ba.

Ayyuka da yawa a wuyan mutum ɗaya

A manyan kamfanonin talla na Legas da Abuja, mai rubuta kalaman talla daban, mai ɗaukar hoto daban, mai tace bidiyo daban, haka nan mai amsa tambayoyin masu saye da mai lissafin kuɗin da aka kashe. A ƙaramin kamfani kuwa, duk waɗannan kan taru a hannun mutum ɗaya, kuma yana iya riƙe shafukan 'yan kasuwa biyar ko shida a lokaci guda. Hausawa na cewa ba a tauna taura biyu, amma shi an cika masa baki da su.

A Arewa akwai ƙarin nauyin harshe. Dole a fitar da saƙo da Hausa da Turanci, kuma da yawa daga cikin salon haruffan da manhajojin zane ke ɗauke da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan ba a lura ba, tallan masaukin da ke cewa “maraba da baƙi” sai ya fito “maraba da baki”. Kuskure ne ƙarami, amma a gaban dubban mutane yake faruwa, kuma sunan mai kasuwar ne ke jiki.

Aikin da ba shi da lokacin tashi

Masu saye sun fi shiga intanet bayan sallar isha'i da ƙarshen mako, wato daidai lokacin da sauran ma'aikata ke hutawa. Saƙon da ya kwana ba a amsa ba na iya zama cinikin da ya kuɓuce. A watan azumi da jajibirin sallah, lokacin da teloli da masu kayan sawa ke samun babban cinikinsu na shekara, aikin kan ninka.

Wasu ƙasashe sun fara yi wa wannan matsala doka. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan lokutan da ba za a neme su da saƙon aiki ba. A Najeriya kuwa, hatta dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a watan Yulin 2024, ba ta hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ke nan ma'aikacin ƙaramin kamfani ba shi da madogara face abin da suka yi yarjejeniya a kai da maigidansa.

Tsadar kayan aiki

Aikin ya dogara ne kacokan kan wuta da data. Idan wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, wanda Bauchi ke ƙarƙashinsa, ta ɗauke, sai janareto ko sola, ga shi farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Faɗuwar darajar naira da ta biyo baya ta tsadantar da waya da kyamara da kwamfuta. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Haka kuma, tun farkon 2022 kamfanin Meta ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari kan tallan da ake biya daga Najeriya. Inda ba a fayyace wanda zai ɗauki waɗannan kuɗaɗe ba, sau da yawa ma'aikaci ne ke sayen data daga aljihunsa.

Shago a filin wani

Shafin da ɗan kasuwa ya tara wa mabiya ba mallakarsa ba ne ɗungurungum, domin kamfanin da ya mallaki dandalin ne ke tsara wanda zai ga saƙo da wanda ba zai gani ba, kuma yakan sauya tsarin ba tare da shawara da kowa ba. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun tsaya cak na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter a Najeriya daga farkon watan Yuni, ba a buɗe shi ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Mai kasuwar da ya biya kuɗi ba kasafai yake la'akari da wannan ba. Shi dai ciniki yake son gani, alhali yawan mabiya da masu yaba hoto ba shi ne yawan masu saye ba. Idan kaya sun yi tsada ko ba a kai su kan lokaci ba, mai kula da shafi ne ke shan zagin jama'a a fili, sannan ya sha faɗan mai kaya a waya.

Akwai kuma rikicin mallaka. Shafuka da yawa da lambar wayar ma'aikaci aka buɗe su. Ranar da ya bar aiki, ko masu kutse suka yaudare shi da saƙon bogi suka karɓe lambobin sirri, kasuwancin da aka shekara ana ginawa na iya salwanta a dare ɗaya.

Abin da doka ta tanada

Dokoki uku sun shafi wannan sana'a kai tsaye. Dokar 2022 da ta kafa Hukumar Kula da Tallace-tallace ta Najeriya, wato ARCON, ta buƙaci a tantance talla kafin a fitar da shi, har da na intanet. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhaki kan duk mai tattara lambobin waya da adireshin masu saye. Dokar haƙƙin mallaka kuma ta hana ɗaukar hoto ko kiɗan wani a saka a talla ba da izininsa ba. Ƙanƙantar kamfani ba ta zama uzuri a gaban ko ɗaya daga cikinsu ba, musamman ga masu tallata magungunan gargajiya da alƙawarin warkarwa.

Inda gyara zai fara

Tsadar wuta da sauye-sauyen Meta sun fi ƙarfin mai ƙaramin kamfani a Tirwun. Amma abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne, kuma bai wuce takarda ɗaya ko biyu ba. Yarjejeniya da abokin hulɗa ta faɗi adadin saƙonnin da za a wallafa a mako, da sau nawa za a yi gyara, da wanda zai amince da saƙo kafin ya fita, da ma'aunin da za a duba a ƙarshen wata. A buɗe kowane shafi da sunan mai kasuwar da lambarsa, a ba ma'aikaci izinin gudanarwa kawai, a kuma kunna matakin tsaro na biyu. Yarjejeniya da ma'aikaci kuwa ta ƙunshi lokutan amsa saƙo, da ranar hutu, da kuɗin data, da wanda zai karɓe shi idan ba shi da lafiya.

Kamfanin da ya yi sakaci da wannan yakan rasa ƙwararren ma'aikacinsa bayan 'yan watanni, wani lokaci har da abokan hulɗar da suka saba da shi, ya koma horar da sabo daga farko.