Hukunci da Ceto a Wa'azin Kudancin Kaduna

Tun bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, garin Kaduna ya dare gida biyu. Kiristoci da dama suka tattara nasu ya nasu suka ƙetara kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka yi arewa. Yaran da suka taso bayan nan ba su san aƙidar maƙwabcin jiya ba sai ta bakin 'yan ji-ta-ji-ta. Cikin abin da ake yaɗawa har da cewa wai Kirista bai damu da hisabi ba, tunda an riga an ɗauke masa zunubi.

Duk wanda ya taɓa zama a jana'izar cocin ECWA ya san zancen ba haka yake ba. Fasto yakan buɗe Ibraniyawa 9:27 ya tuna wa masu makoki cewa mutuwa ba ta maimaituwa, kuma shari'a na biye da ita. A Matiyu sura 25 ma, abin da Mai Shari'a zai bincika shi ne yadda aka yi da mayunwaci da baƙo da ɗan kurkuku.

Inda hanya ta rabu shi ne a kan abin da ke kuɓutar da mutum ranar hisabi. Musulmi ya san mizani. Mai wa'azin ECWA ko Baptis kuwa cewa zai yi in aka tsaya ga awo babu mai tsira, domin kowa ya yi zunubi. A koyarwarsu Yesu ya biya bashin a kan gicciye, ceto kuwa kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓar ta da bangaskiya, kamar yadda Afisawa sura 2 ta koyar. Hujjar da suka fi so ita ce ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Ya tuba a ƙurarren lokaci, bai sami damar aikata alheri ko ɗaya ba, aka yi masa alkawarin Firdausi. Wannan fahimta ce ta haɗa Martin Luther da cocin Katolika na Roma rigima tun daga 1517, ita ce kuma 'yan mishan na SIM, iyayen ECWA, suka shigo da ita daga 1893. Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, da harshenmu ake wannan wa'azi.

To ina amfanin aikin kirki? Amsarsu tana Yaƙubu sura 2: aiki shi ne shaidar cewa bangaskiyar tana da rai. A ganina mai wa'azin da ya tsallake wannan sura shi ke ba masu ji-ta-ji-ta abin faɗa.

Su ma Kiristocin bakinsu bai zo ɗaya ba. Katolika sun yarda alheri ne farko, amma sai mutum ya ba da haɗin kai, kuma akwai tsarkakewa bayan mutuwa ga wanda ya cika da guntun laifi. Shi ya sa Fada ke yin Mas domin matattu, musamman ranar 2 ga Nuwamba, abin da ECWA ba ta yi. A 1999 Katolika da Lutheran sun sa hannu a Augsburg ta Jamus cewa ceto na alheri ne, amma ba su warware batun yi wa mamaci addu'a ba.