Saƙar Kwarashi Ta Yi Rana A Zamanin Annoba

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. A shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta game duniya, hankalin hukumomin lafiya duk ya tafi ga manyan al'amura, watau gadajen asibiti, da iskar taimakon numfashi, da neman allurar rigakafi. Babu wanda ya zaci 'yar siririyar robar nan da ake rataya takunkumin fuska da ita za ta zama abin kuka. Amma kafin a je ko'ina sai ga ta tana yi wa ma'aikatan jinya rauni a bayan kunne, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka kawo sauƙin abin daga hannun mata masu saƙar kwarashi ta fito.

Ran 11 ga watan Maris na 1920 ɗin nan da ɗari, watau 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta zama annoba. Tun kafin nan, ran 27 ga Fabrairu, an sami mutum na farko da ke ɗauke da ita a Nijeriya, a birnin Ikko. Daga nan sai takunkumi ya tashi daga kayan ɗakin tiyata ya zama tufar kowa da kowa. Ga mai zuwa kasuwa abin bai taka kara ya karya ba, domin awa ɗaya ko biyu ne ya koma gida ya cire. Ma'aikaciyar jinya kuwa takan yi awa goma sha biyu a bakin aiki da shi a fuska, gobe ma haka, jibi ma haka, babu ranar hutawa.

Fatar bayan kunne ba ta da kauri, kuma babu tsoka ko kitse a ƙarƙashinta da za su tare matsi, sai guringuntsi da ƙashi. Idan roba ta daɗe tana danne wuri ɗaya, jini ba ya gudana sosai a wurin. Ga gumi yana jiƙa fatar, ga robar tana gogarta duk lokacin da mutum ya yi magana ko ya juya kai. Da fari wurin yakan yi ja, sa'an nan ya saluɓe, wani lokaci har ya zama gyambo, irin wanda kan kama majinyacin da ya daɗe kwance a gado ta gefe ɗaya. Mai sa tabarau nasa ya fi tsanani, domin hannun tabarau da roba a wuri guda suke haɗuwa. Mai amfani da 'yar na'urar ƙara ji kuwa, sau da yawa in ya zo cire takunkumi sai robar ta fizgo na'urar ta faɗi.

Wani zai ce ciwon bayan kunne ai ba abin a zo a gani ba ne a lokacin da mutane ke mutuwa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takunkumin da ke ciwo ba ya zama a inda ya kamata. Mai shi zai dinga kai hannu yana gyarawa, alhali hannun nan ya taɓa majinyaci, ya taɓa ƙofa, ya taɓa gado. In abin ya ishe shi sai ya sauke shi zuwa haɓa, ya bar hanci a buɗe. A ɗakin da ake jinyar masu cutar numfashi, wannan ɗan sakaci ya isa ya sa ma'aikaci ya kamu, shi kuma ya kai wa iyalinsa.

Ma'aikatan da kansu suka fara neman mafita. Waɗansu suka haɗa robobin biyu a ƙeya da ɗan ƙarfen maƙala takardu. Waɗansu suka ɗinka maɓallai a jikin ɗankwali ko hular aiki, suna rataya robar a nan maimakon kunne. Masu injin da ke ƙera kaya da roba bisa umurnin kwamfuta su ma suka shiga buga wani ɗan faifai mai haƙora a gefe biyu, suna rabawa asibitoci kyauta. Dabarar duk ɗaya ce: a ɗauke nauyin daga kunne a mai da shi bayan kai.

A watan Afrilu na wannan shekara, lokacin da aka hana fita a Ingila da Kanada da jihohi masu yawa na Amurka, mata masu saƙa da ke zaune a gida suka karɓi aikin. Kusan kowace mai saƙa tana da jakar guntayen zare waɗanda suka rage daga hular jariri ko rigar sanyi, ba su isa wani babban aiki ba, ita kuma ba ta iya zubarwa. Waɗannan guntaye su ne suka yi rana. Ba wannan ne karo na farko da saƙa ta shiga aikin agaji a ƙasashen Turawa ba. A zamanin babbar yunwar ƙasar Ailan da ta fara a 1845, an koya wa mata matalauta saƙar kwarashi don su sami abin sayen abinci, a Yaƙin Duniya na Farko kuma mata sun yi ta saƙa wa sojoji safa.

Yadda ake yin abin ba shi da wuya ga wadda ta taɓa riƙe kwarashi. Za ta fara da sarƙa mai ido goma sha biyar zuwa ashirin, gwargwadon kaurin zarenta. Sa'an nan ta bi sarƙar da saƙa mai matsewa har ƙarshe, ta ƙara ido biyu ko uku a nan don ta sami damar juyawa, ta dawo ta ɗaya gefen. In ta kewaya sau ɗaya ko biyu, za ta sami ɗan ɗamara mai kama da harshe, tsawonsa wajen inci huɗu zuwa biyar, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Abin da ya rage shi ne ta ɗinka maɓalli ɗaya a kowane baki. Gwana takan gama guda cikin kwata na awa.

Wurin maɓallin nan ne aikin kan yi kyau ko ya ɓaci. Ƙaramin maɓalli irin na gaban riga ba ya riƙe roba, da an sunkuya sai ta suɓuce. Wanda ake so shi ne mai faɗin da ya kusa inci ɗaya, kuma a ɗinka shi da ƙarfi, amma a bar ɗan sarari tsakaninsa da saƙar, inda robar za ta shiga ta zauna. Waɗanda suka rasa manyan maɓallai sukan saƙa ɗan dunƙule da zaren ya tsaya a madadinsa.

Zaɓen zare shi ma abin lura ne. Ulun roba, wanda aka fi samu a kasuwa da araha, yana da laushi amma yana miƙewa, kuma yana riƙe zafi. Bayan 'yan kwanaki ɗamarar inci huɗu sai ta koma biyar da rabi, takunkumi ya saki. Zaren auduga ya fi dacewa, domin ba ya miƙewa sosai, yana shan gumi, yana kuma jure wanki da ruwan zafi. Wankin nan wajibi ne, tun da yake saƙa tana da ƙofofi da ke ɓoye datti. Saboda haka ne ma waɗansu asibitoci suka fi son na roba, wanda ake gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, masu saƙa kuma suka riƙa ba kowane ma'aikaci biyu ko uku don ya sami na canji.

Daga baya bincike ya nuna cewa amfanin wannan dabara ya wuce hutar da kunne. A watan Disamba na 2020 wata mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon gwajin da masana na Jami'ar Karolina ta Arewa suka yi tare da hukumar kare muhalli ta ƙasar. Sun tarar takunkumin asibiti mai rataya a kunne, in an sa shi yadda ya zo, abin da yake tacewa na ƙananan ɓurɓushin iska bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, domin iska tana shiga ta gefen kumatu. Da aka ja robobin zuwa ƙeya aka haɗa su da ɗan faifan nan, sai ya haura kashi 60. Da na roba aka yi wannan gwaji, ba da saƙaƙƙe ba, amma darasin a fili yake ga mai saƙa: gajeriyar ɗamara mai jan takunkumi ya manne da fuska ta fi doguwa mai sakin jiki. Babban takunkumin nan da ake kira N95 dama a bayan kai ake ɗaura shi, kuma dalilin ke nan.

Akwai waɗanda abin ya yi wa amfani ta wata fuska dabam, su ne mata masu sa hijabi. Kunnuwansu a rufe suke, don haka duk lokacin da za a sa takunkumi ko a cire sai an cusa hannu ƙarƙashin mayafi, wani lokaci a tsakiyar jama'a. Da wannan 'yar ɗamara kuwa sai a ɗora takunkumin a kan hijabin a maƙala ta baya. A ƙasashen Indunisiya da Maleshiya abin har ya zama sana'a, mata suna saƙa shi launi-launi, waɗansu da furanni da duwatsun ado, suna sayarwa. A Nijeriya, inda Gwamnatin Tarayya ta wajabta rufe baki da hanci a bainar jama'a daga ran 4 ga Mayu, 2020, matan Arewa sun gamu da irin wannan matsala, ga shi kuwa kwarashi ba baƙo ba ne a gidajen Hausawa, da shi ake yi wa jarirai hula da safa tun shekaru masu yawa.

Sai dai akwai kuskuren da waɗansu suka yi a wancan lokaci, na saƙa takunkumin kansa da kwarashi. Yana da kyan gani, amma ƙofofin saƙar sun fi ƙarfin su tare feshin tari ko atishawa. Ɗamarar ƙeya kaɗai ce aikin kwarashi, abin da zai rufe baki da hanci kuwa sai yadi mai matsattsiyar saƙa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Yuni na 2020 ita ce a yi na yadi ninki uku.

Ran 5 ga Mayu, 2023, hukumar ta janye dokar ta-ɓacin da ta kafa a kan cutar, jama'a kuma suka ajiye takunkumi. Amma har yanzu ma'aikatan ɗakin masu tarin fuka da na ɗakin haihuwa suna sa shi, haka ma masu ciwon asma in hunturu ya kawo ƙura, da alhazai a cikin cunkoson Makka da Mina. Wadda za ta saƙa wa wani nata, ya kamata ta sa shi ya ɗaura takunkuminsa tukuna, ta ja robobin biyu zuwa ƙeyarsa, ta auna tazarar da ta rage a tsakaninsu, domin kan yaro da na babba ba ɗaya ba ne, haka nan mai kitso da mai aski.