Idan Inji Ya Fara Rubuta Rahotonsa Da Kansa

A masana'antu da yawa har yau, idan lokacin tashi ya yi, shugaban ma'aikata ne ke ɗaukar takarda ya cike: kaya nawa aka buga, nawa suka lalace, minti nawa inji ya tsaya. Abin da ya iya tunawa yake rubutawa, bayan awa 8 cikin ƙugin injuna. Washegari akawu ya shigar da alƙaluman a kwamfuta, manaja kuma ya gani jibi. Kafin nan ɓarnar ta riga ta auku.

Babban abin da takarda ke ɓoyewa shi ne gajeriyar tsayawa. Kwalba ta karkace a kan bel, ma'aikaci ya gyara cikin daƙiƙa 40, aiki ya ci gaba. Ba mai rubuta wannan. Amma a ce ta faru sau 60 a yini, minti 40 ke nan sun salwanta, kuma babu littafin da ya san da su.

Shi ya sa ake barin injin ya ba da labarin kansa. Yawancin injunan zamani suna da wata ƙaramar kwamfuta mai sarrafa su da ake kira PLC, wadda Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 don biyan buƙatar kamfanin motoci na General Motors. Ita dama tana sane da kowane juyi da kowace tsayawa, abin da ya rage shi ne a kwaso bayanan daga cikinta. Nan ne wahalar take, domin kowane kamfani da yaren injinsa. Ka'idoji irin su Modbus na 1979, da OPC UA, da MTConnect na 2008 su ne tafintocin da ke haɗa su da rumbun bayanai guda. Tsohon inji ma ba a bar shi a baya ba: a maƙala masa na'urar auna wutar da yake ja, a kafa idon lantarki mai ƙirga kayan da ke wucewa, an gama.

Daga nan sai lissafi. Seiichi Nakajima na Japan ya fito da ma'aunin da ake kira OEE, mai tambaya uku: tsawon wane lokaci injin ya yi aiki, da wane sauri, kuma kashi nawa na kayan suka fito lafiya? Ana ninka amsoshin ne da juna, kuma ninkin ba ya sassauci. Masana'antar da ta samu kashi 90 cikin 100 a kowane ɗaya daga ukun, sakamakonta kashi 73 ne kacal.

Sai dai inji ya san yaushe ya tsaya, bai san dalili ba. Kayan aiki ne suka yanke? Makaniki ake jira? Mai kula da injin ne kaɗai zai iya latsa amsar a allon da ke gabansa. A ganina nan ne tsarin ke rayuwa ko ya mutu. Idan shugabanni suka mai da alƙaluman bulala, ana zaftare albashi da su, ma'aikaci zai riƙa latsa dalilin da zai kuɓutar da shi, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza. Kamfanin Toyota ya ɗauki wata hanya daban. Tun daga injin saƙar Sakichi Toyoda na 1924, wanda ke tsayawa da kansa idan zare ya tsinke, suka ɗauki tsayawa a matsayin labari mai amfani, har suka ba ma'aikaci ikon jan igiya ya kira agaji, layi ya tsaya in matsalar ta ƙi warwaruwa.

Ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, akwai ƙarin riba. Kowa ya san ɗauke wuta na cutarwa, amma ƙorafi daban, hujja daban. Mai masana'antar da ke da rubutaccen lokacin kowace ɗaukewa, da mintunan da janareta ya ci kafin ya karɓa, da kayan da suka daskare a cikin injin roba, zai iya lissafa ko faranten sola ko sabon janareta za su mayar da kuɗinsu. Ba sai ya fara da dukan masana'antar ba. Ya zaɓi injin da ya fi riƙe aiki, ya auna shi wata guda, sannan ya zauna da masu kula da shi su karanta sakamakon tare.