Likitan Fiɗa da Ciwon Ƙaba: Daga Aska Zuwa Mutum-mutumi

Bahaushe yana da kalmomi biyu da yake kiran aikin da likita kan yi da wuƙa. Ta farko ita ce fiɗa, wadda ya ɗauko daga sana'ar mahauta. Ta biyu kuwa ita ce tiyata, wadda ya aro daga sunan da Turawa suke kiran ɗakin aikin. Tun kafin zuwan asibiti wanzamai suna kaciya da ƙaho da sakiya da cire beli, sai dai akwai iyakar da askarsu ba ta ƙetarewa, wato cikin ɗan Adam. A bayan wannan iyaka ciwon ƙaba yake.

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Haka ƙaba take. Naman bangon ciki ne yake yin rauni, galibi a gefen mara, sai hanji ya sami kafa ya turo. Idan ya gangara cikin maraina akan kira shi gwaiwa, ko da yake wata gwaiwar ruwa ne kurum ya taru. A ƙiyasin likitoci, kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ƙabar mara a rayuwarsa, mata kuwa kimanin 3 cikin 100. Aikin ƙarfi da tari mai daɗewa suna ƙara buɗe kafar, don haka manomin Faskari ko Sabuwa da ke huɗa da daka buhun masara a kafaɗa yana cikin waɗanda ta fi takurawa. Jiƙo da sassaƙe ba su rufe wannan kafa, ɗinki kaɗai ke rufe ta. Babban haɗarinta shi ne ranar da hanjin ya maƙale, kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai. Idan jini ya daina isa ga hanjin, cikin sa'o'i kaɗan sai ya fara ruɓewa.

Mai ɗinke wannan kafa ba a kwana ɗaya ake samar da shi ba. Ɗalibi kan yi shekara 6 a makarantar likitanci, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1967, sa'an nan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, da ɗaya ta bautar ƙasa. Bayan haka sai ya shiga horon ƙwarewa na shekara biyar zuwa shida a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya da aka kafa a 1979. Jimilla, ba ya kasa shekara 13. Ɗinkin ƙaba yana cikin ayyukan farko da ake sa hannunsa a kai, domin a nan yake koyon sanin sassan jiki daki-daki.

Shi kansa ɗinkin yana da tarihi. Edoardo Bassini na birnin Faduwa a Italiya ne ya fito da ingantacciyar hanyar ɗinke bangon a shekarun 1880. A shekarun 1980 Irving Lichtenstein ya yaɗa dabarar yin faci da raga a Amurka, abin da ya rage dawowar ciwon ƙwarai. Daga nan aka shiga aiki ta ƙananan huji da kyamara. A shekarar 2000 hukumomin Amurka suka amince da na'urar mutum-mutumi mai suna da Vinci. Ba ita ke yanke shawara ba: likita ne yake zaune gaban allo yana sarrafa hannayenta. A 2001 Jacques Marescaux, yana birnin Niyok, ya cire wa wata mata matsarmama alhali tana kwance a Faransa.

To, amma ya kamata a auna amfanin na'urar da ma'aunin gaskiya. Kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, kuma tana bukatar lantarki marar yankewa. Wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 2020 ya nuna cewa, a ƙabar mara, ba ta fi aikin kyamara sakamako ba, sai ma ƙarin lokaci da tsada. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka yi a Yuganda, wanda ya fito a 2016, ya nuna cewa raga mai araha irin ta gidan sauro, idan an tsarkake ta daga ƙwayoyin cuta, tana aiki daidai da mai tsada. Ƙabar da ba ta maƙale ba ana iya ɗinke ta da allurar kashe zafi a wurin kawai, majiyyaci ya kwana gidansa.

Ashe ke nan matsalar mutumin Ƙanƙara ba rashin na'ura ba ce, tazara ce. Kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su samun tiyata mai aminci da rangwame, ya kuma ba da shawarar kada tafiya zuwa ɗakin tiyata ta wuce sa'a biyu. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020 ya nuna halin da tsaron yankin ya shiga, kuma wanda hanjinsa ya maƙale da tsakar dare, hanyar Funtuwa ko Shika ita ce tsakaninsa da rai.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar mutum-mutumi ya koye shi, domin ilimi ba ya ɓaci, amma ya fara ƙware hannunsa. Ma'aikacin da ke tsara kasafin lafiya kuwa ya sa likita da mai ba da maganin barci da jini da lantarki a asibitin ƙaramar hukuma gaba da komai. Mai ƙaba shi ma kada kunya ta sa ya jira ranar maƙalewa. Da sandan da ke hannu ake jifa.